DARASI DON ƘUNGIYOYIN MANOMA: A AUNA CIN FARANTI KAFIN A GINA MASA RUMBU

 

Cikin 'yan watannin nan ƙungiyoyi da dama na ƙasar Yauri, da Ngaski, da Shanga sun aiko mana da tambaya iri ɗaya. Suna so su haɗa kuɗi su sayi farantin nan mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, domin a garuruwansu sai mutum ya hau tudu ko bishiya kafin wayar hannu ta kama. Amma ba su da wutar lantarki, ko kuwa tana zuwa ne kamar baƙon da bai yi sallama ba, ta tafi kuma ba ban kwana. Tambayarsu ita ce, sola nawa da batir nawa za su riƙe abin?

Mun san akwai ɗaci cikin wannan tambaya. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka ta da mutum wajen 44,000 daga garuruwansu da gungunansu domin tafkin ya sami wurin kwanciya. Har yau akwai tsofaffi a cikinmu waɗanda za su iya nuna maka da baki inda gidan ubansu yake a ƙarƙashin ruwa. Wutar da ruwan nan yake haifarwa ta bi manyan turaku ta tafi birane masu nisa, ta bar tungaye da yawa na bakin tafkin cikin duhu. Wannan magana ce ta wata rana. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, ya zama dokin da ƙungiyar talakawa ba ta iya ciyarwa kullum. Saura rana, wadda Allah ya ba ƙasarmu a yalwace.

Farantin da yawancinku kuka gani shi ne na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023. Taurarinsa suna kewaya duniya a tsayin kilomita wajen 550, farantin kuma yana binsu ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsa ga ƙungiya a fili yake. Ana iya jin farashin albasa da shinkafa a manyan kasuwanni kafin a yi ciniki da dillali a bakin gona. Ana iya duba hasashen damina, da gargaɗin ambaliya, gama waɗanda ruwan 2020 ya cinye musu shinkafa ba su manta ba. Ana aika kuɗi ana karɓa, yara kuma suna duba sakamakon jarrabawa ba sai an biya kuɗin mota ko na jirgin ruwa zuwa Yelwa ba. Amma farantin baki ne mai ci. Wanda ya kawo baƙo gida bai duba rumbu ba, shi ya jawo wa kansa kunya.

MUDUN WUTA

A jikin kowane kayan lantarki akwai lamba da harafin W kusa da ita. Wannan shi ne wat, watau girman lomar abin. Idan ka ɗauki wat ɗin ka ninka shi da awoyin da abin ya yi yana aiki, ka sami abin da ya ci ke nan a yini. Domin sauƙin lissafi, bari mu ce abu mai wat 100 da ya yi aiki awa ɗaya ya ci mudu ɗaya na wuta. Masu shago ba su san wannan mudu ba, namu ne na darasi. Su Wh suke rubutawa, kuma Wh 100 shi ne mudunmu ɗaya.

Farantin Starlink na gida, tare da ɗan akwatinsa mai raba intanet ga wayoyi, yana cin wat 50 zuwa 100, bisa ga irinsa da yawan aikin da yake yi. Bari mu ɗauki 75. Idan ƙungiya ta kunna shi awa 10 a yini, 75 sau 10 ya zama 750, watau mudu 7 da rabi. Idan kuwa aka bar shi dare da rana, 75 sau 24 ya zama 1,800, mudu 18 ke nan. Ku duba bambancin nan da kyau. Tun ba a sayi kome ba, shawarar da kuka yanke a zaman ƙungiya game da lokacin kunnawa da kashewa ita ce za ta faɗi ko kuɗinku zai isa.

Farantin kuma ba shi kaɗai zai ci ba. Duk inda aka ga wuta, sai wayoyin hannu su taru kamar kaji a masussuka. Waya ɗaya tana bukatar Wh wajen 15 ta cika, saboda haka waya 20 mudu 3 ne. Kwamfutar magatakarda mai wat 50, awa 3, mudu 1 da rabi. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa 5 da dare, rabin mudu. In an haɗa duka da mudu 7 da rabi na faranti, an sami mudu 12 da rabi.

Kowane manomi ya san hatsin da aka auna a gona ba shi ne ke isa tukunya ba. Akwai na ɓera, akwai wanda ya zube a hanya. Haka wuta take. Tana raguwa cikin igiya, da cikin batir, da cikin inbata, watau akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta soket. Saboda haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Mudu 12 da rabi ya zama wajen 16. Wannan ita ce lambar da za ku rubuta a littafin ƙungiya ku tafi kasuwa da ita: mudu 16 kowace rana.

GONAR DA ZA TA BA DA MUDU 16

Allon sola shi ne gonar. A bayansa an rubuta wat ɗinsa, misali 300. Amma wannan lamba an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske cikakke, allon kuma yana da sanyi. A kan rufinmu ba haka abin yake ba. Rana ta kan fito tun da safe ta faɗi da magariba, amma in aka tattara ƙarfinta duka bai fi awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi ba a watanni masu kyau. Zafi kuma yana rage ƙarfin allo, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani. Haske allon yake so, zafin bazara kuwa gajiyar da shi yake yi. Ga ƙurar hunturu da hazo, ga kashin tsuntsu.

Babban abin da muke so ku riƙe shi ne watan Agusta. Lokacin marka sai a yi kwana biyu ko uku gari a lumshe, ba a ga idon rana ba. Lokacin nan ne kuwa ƙungiya ta fi bukatar labari, gama shi ne lokacin da farin ruwa yake tasowa, kogin Kwara ya cika, ana fargabar fadama. Wanda ya auna solarsa da ranar watan Maris zai yi murna wata biyar, sa'an nan farantinsa ya mutu a daidai ranar da ake nemansa.

Wani zai ce, to, ba sai batir ya tara wutar bazara ya ajiye ba? Mun san labarin Yusufu a Masar, yadda ya tara hatsin shekarun ƙoshi ya ciyar da ƙasa a shekarun yunwa. Rumbun batir ba irin na Yusufu ba ne. Abincin kwana ɗaya ko biyu kaɗai yake iya riƙewa. Wutar da ta yi yawa a watan Maris ta tafi ke nan, ba mai ajiye ta. Tilas ne gonar ta zama mai girman da za ta ciyar da gida ko a mugun wata.

Domin haka mu lissafa da awa 4 kaɗai. Allo mai wat 300 sau 4 ya zama 1,200. A cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura, saura 900, watau mudu 9. Allo ɗaya bai isa ba. Biyu za su ba da mudu 18, sun ɗara 16 kaɗan. To, alluna biyu masu wat 300, ko abin da ya yi daidai da wat 600, shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ku saya.

RUMBUN

A jikin batir akwai lamba biyu, V da Ah. A ninka su. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗaukar 2,400, mudu 24 ke nan. Amma ga inda kuɗin ƙungiyoyi yake nutsewa. Batir irin na dalma da ruwa, ko dogon nan da ake ce da shi tubula, ba a kwashe shi har ƙasa. Rabi kaɗai ake ɗiba, a bar rabi. Wanda ake tatse shi ƙaf kowane dare ba zai ga shekara ba. Mudu 12 ne ke nan naku cikin 24. Batir biyu da aka haɗa suka zama 24V za su ba ku mudu 24 na ci, abincin kwana ɗaya da rabi ko da rana ba ta leƙo ba. Wannan ya yi.

Batirin mota kuwa a bar wa mota. An yi shi ne domin ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ta da inji, ba domin a sha shi a hankali dare duka ba. Mun ga waɗanda suka gwada saboda araha, araha kuwa ba ta ado.

Akwai sabon iri, na litiyom, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ana iya ɗibar kashi 8 cikin 10 na abin da ke cikinsa, ba a zuba masa ruwa, ba shi da nauyi ƙwarai, yana kuma jure caji sau dubbai. Guda ɗaya mai 24V da 100Ah zai ba ku wajen mudu 20. Tsadarsa ta fi a ranar saye, amma a ganinmu ƙungiyar da za ta iya haƙuri ta ƙara kaka ɗaya tana tari, gara ta sayi wannan. Sai dai a yi hattara, gama akwai masu cusa tsofaffin ƙwayoyin batir cikin sabon akwati. A saya inda za a ba ku rasit da takardar garanti, inda kuma za ku iya komawa.

Mu ma mun sha wannan ruwa, ba ji muka yi ba. Da muka kafa namu a ofis, da rani ne. Mai sayarwa ya ce allo ɗaya da batir ɗaya sun isa har da saura, muka yarda domin maganar ta yi wa aljihunmu daɗi. Ya kuma sayar mana da wata ƙatuwar inbata, ya ce saboda gaba. Har watan Yuni ba mu da kuka. Da marka ta kama, sai inbata ta fara kuka tun kafin la'asar, kome ya ɗauke. Da muka kira wani mai gyara ya auna, ya nuna mana cewa inbatar nan ita kaɗai, ko ba a jona mata kome ba, tana cin wat 30. Mu kuwa ba mu taɓa kashe ta ba. Wat 30 sau 24 mudu 7 ne, kusan abincin farantin kansa. Ashe baƙo biyu muke ciyarwa, ɗaya ba ya aikin kome. Batirin nan bai cika wata goma ba ya mutu, kuɗin kuwa na baikon jama'a ne. Da kunya muka tsaya gaban kwamiti.

Saboda haka ku sayi inbata ƙarama, mai wat 500 zuwa 1,000, wadda aka rubuta Pure Sine Wave a kwalinta, ku riƙa kashe ta da dare. Tsakanin allo da batir kuma dole a sa na'urar da ke tsare caji, wadda masu gyara suke kira kwantirola. Mai alamar MPPT ta fi tatso wuta daga allo, mai amfiya 30 kuwa za ta ɗauki wat 600 a kan 24V. Kada wani ya jona allo kai tsaye da batir. A wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, sa'an nan allo. A sa fis kusa da kan batir, igiyoyin kuma su zama masu kauri, gajeru, na jan ƙarfe na gaske. Siririyar igiya tana shan wuta, tana zafi, tana iya ta da gobara a ɗakin da kuka tara takinku da irinku.

Ga ƙungiyar da ba ta da yawa akwai wata hanya. A 2024 kamfanin ya fito da ƙaramin faranti mai suna Starlink Mini, wanda cinsa wat 25 zuwa 40 ne, yana kuma iya shan wutar batir ba tare da inbata ba in an sami igiyar da ta dace. Awa 10 a wat 30 mudu 3 ne kawai. In an haɗa da wayoyi da kwamfuta da fitilu da abin da ke zubewa, duka bai wuce mudu 10 ba. Allo mai wat 400 da batir ɗaya na 200Ah za su riƙe shi. Ba ya ɗaukar taron jama'a kamar babban, amma ga mutum goma ko sha biyar a ƙarƙashin rumfa ya wadatar.

INDA ZA A KAFA

Allo ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 10 zuwa 15. Gaskiya ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta ɗan arewa da kanmu a nan ƙasar Yauri, saboda haka kada a tsai da shi da yawa. Kada kuma a kwantar da shi sarai, domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. A bar fili tsakaninsa da kwanon rufi iska ta shiga. Inuwar reshe ɗaya a kusurwar allo tana iya rage ƙarfinsa ƙwarai, ku duba mangwaro da giginya na kusa da safe da kuma yamma kafin a kafa ƙusa. Da hunturu a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A ɗaure shi da ƙarfe sosai, gama kun san iskar farkon damina a bakin tafki.

Farantin shi ma sararin sama yake so. Manhajarsa ta cikin waya tana nuna ko bishiya ko gini ya tare shi. Cikin manhajar akwai wurin da aka tanada domin narkar da dusar ƙanƙara a ƙasashen sanyi. A Wara ko Shanga ba mu taɓa jin ta sauka ba, a kashe shi kada ya ci wuta a banza. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya intanet na iya yankewa na ɗan lokaci. Ba lalacewa ba ce, kada kowa ya hau rufi. Igiyar farantin a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera da awaki, gama ba a samun irinta a kowace kasuwa. A kuma sa mai gyara ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa saboda tsawa, in hadari ya taso da walƙiya a cire soket.

Batir a ɗaki mafi sanyi, mai taga, a kan katako. Zafi shi ne babban magabcin batirin dalma. In ɗakin ya fi digiri 25 da kamar digiri 10, kwanan batirin ya ragu da rabi, mu kuwa mun san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. Tubula yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, kada a shiga wurin da aci-balbal ko taba. A duba ruwansa kowane wata, a ƙara masa ruwan batir na kwalba. Ruwan rijiya ko na tafki kashe shi yake yi.

DOKA DA ASUSU

Yanzu sai mu faɗi wadda ba ta da daɗin ji. Yawancin batiran da muka ga sun mutu, hannun 'yan'uwa ne ya kashe su. Wani ya kawo dutsen guga mai wat 1,000 ranar Asabar da yamma, rabin awa kawai, mudu 5 sun tafi. Wani ya kawo firji domin kifinsa. Ranar Lahadi kuma matasa su jawo igiya zuwa majami'a domin lasifika da molo na lantarki, wa zai hana aikin Ubangiji? Muna roƙon fastocinmu da dattawa, ku gafarce mu, amma in ekklesiya tana so ta sha daga wannan rumbu, sai a auna nata mudun tun farko a ƙara allo da batir, a kuma sa hannu cikin kuɗin. Mai gari da limami da maƙwabta duka a sanar da su dokar tun ranar kafawa, domin in an hana ɗan wani kada ta zama gaba.

A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe mabuɗi da mataimakinsa. A ƙungiyoyi da yawa mun ga matan zumunta sun fi maza tsare irin wannan amana. Kowace safiya kafin rana ta hau, ya duba lambar da kwantirola take nunawa ya rubuta a littafi. A batirin dalma mai 24V, in ya ga ta sauka ƙasa da 24 da safe ba a jona kome ba, an ci fiye da rabi ke nan, sai a rage awoyin kunnawa a ranar.

Sa'an nan kuɗi. Akwai kuɗin wata na kamfanin intanet, wanda ya sauya fiye da sau ɗaya tun 2023, sai ku tambayi na yanzu kafin ku yanke shawara. Akwai kuma kuɗin sabon batir. Allon sola mai kyau zai yi shekara 20 yana aiki, amma batirin dalma a zafinmu ku sa masa shekara biyu zuwa uku. Ku raba kuɗinsa gida 24, ma'aji ya riƙa ware kashi ɗaya kowane wata daga abin da ake karɓa na cajin waya da na shiga intanet. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tsada, wasu ƙungiyoyi sun gwammace su ajiye wannan asusu da buhunan shinkafa ko da awaki. Mun ga hikima a ciki, in dai an rubuta a littafi an karanta wa kowa.

Kafin zamanku na gaba, magatakarda ya zaga ya rubuta duk abin da ake so a jona, da wat ɗin da ke jikinsa, da awoyinsa. Ku yi lissafin tare a kan allo, kowa yana gani, ku fitar da mudunku na yini. Ku aiko mana da shi ta hannun mai bishara ko malamin gona na yankinku, za mu duba mu mayar muku da amsa kafin ku ba kowa kuɗi. A fitowa ta gaba, in Ubangiji ya yarda, za mu duba famfon ban ruwa mai aiki da sola domin masu albasar rani.